Ɗakin da Sabis Ya Fi Ƙarfi

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana hawa falwaya a kamfanin tarho. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba. Haƙuri ne da shi na bin waya tun daga tushe har inda ta lalace. Da wayar hannu ta zo aka rufe sashensu, aka sallame shi da takardar yabo. Bayan rasuwar Mama, Yaya ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, mai taga biyu.

Wannan ɗaki shi ya tsone wa matar Yaya ido. Daga gida take aiki, tana amsa kiran masu sayayya ta kwamfuta, kuma tun ranar da aka shigo da akwatin Baba take cewa ɗakin da ofis ya dace. Baba ba kurma ba ne. Ya san zamansa a ciki na lallaɓawa ne, shi ya sa kullum yake neman abin da zai gyara, kada a ce ci kawai yake yi.

Sai intanet ɗin gidan ya fara iskanci. Tana tsakiyar magana da mutum sai ya ɗauke, bayan minti biyu ya dawo kamar ba shi ba. An kira kamfani sau uku, sau ukun aka ce a kashe rawuta, na'urar da ke raba intanet ɗin, a kunna. Da ta rasa wanda za ta huce a kansa, sai ta waiwayo kan tsoho.

"Baba, don Allah ku daina taɓa na'urar nan."

Ko ƙurarta bai taɓa sharewa ba. Yaya kuwa, maimakon ya tsawatar, dariya ya yi. "Baba, wannan ba irin wayarku ba ce. Ka huta kawai."

Bai huta ba. Ya jawo kujerar roba bakin kicin, inda aka ɗora rawutar a kan firji, ya zauna da biro da takarda yana kallon fitilunta. Mako biyu yana haka, suna tsallake ƙafafunsa suna tsaki. Daga nan ya kira ni, muryarsa kamar ta yaro.

"Auta, ciwon ba ɗaya ba ne. Na farko, duk lokacin da aka kunna na'urar ɗumama abinci sai ya yanke, don tana manne da rawutar. Na biyu ya fi wayo. Sabis a cike, amma shafi ya ƙi buɗewa. Layi lafiyarsa ƙalau, mai duba suna ya ba da lamba ne yake barci. A wajenmu da can mutum ne a kan kujera. Yanzu me ake ce masa?"

Na bincika na ce masa DNS. Ina karanto masa sababbin lambobi ta waya, yana dannawa da yatsa ɗaya, yana maimaitawa. Shafukan suka buɗe. Na ji yana dariya shi kaɗai.

Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya, amma Baba ba ya barin aiki rabi. Ya bi kebul ɗin ta saman silin da tocila, ya tarar ta bangon ɗakinsa ya shigo gidan, aka yi masa wani ƙazamin haɗi da salatif aka ja shi kicin. Can wajen haɗin yake motsi.

Da ya gaya mini, na hango ɗakinsa zai tafi. Na ce, "Baba, ka rufa wa kanka asiri. Ka gyara haɗin, ka ce a kai rawutar falo."

"Falo akwai bango biyu a tsakani. Inda ya fi, ɗakina ne. Ni ban taɓa rufe aiki da ƙarya ba."

Ranar Asabar ya tara su, ya yi bayani dalla-dalla, ya yanke haɗin ya jona rawutar a ɗakinsa. Matar Yaya ta kawo kwamfutarta ta zauna a bakin gadonsa don gwaji. Wuni guda intanet ko ƙyaftawa bai yi ba. Baba yana tsaye a ƙofa, hannu a baya, yana jiran a ce sannu.

Ta ce, bakinta har kunne, "Kai, Baba, Allah ya saka da alheri! Ashe dai nan ne wurin aikin. Da bakinku kuka faɗa."

Yaya ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Kafin Laraba an kwashe buhuna daga sito na bayan kicin, an tura gadonsa ciki. Babu taga. Ana fitar da katifarsa shi kuma yana kan kujera yana ɗaure musu rawutar a bango, wai kada ta karkace. Na tsani Yaya a ranar. Na tsani kaina ma, don na yi ta zagi a waya amma ban ce a kawo mini shi ba. Ɗakinmu ɗaya ne da falo, na ce wa kaina, kuma na yarda da uzurin da sauri.

Sabis ba ya kaiwa sito. Idan ina son ganin fuskarsa sai ya fito ya tsaya a bakin tsohuwar ƙofarsa, ya ɗaga wayar sama. Jiya muna gaisawa, yana tambayata jikin yara, sai na ji an buɗe ƙofar.

"Baba, a rage murya, ana aiki."

Ya ce, "To, yi haƙuri." Sannan ya raɗa mini, "Auta, kin ga hoton bai tsinke ba ko?"