Ranar da Burauzata Ta Yi Magana a Gidan Surukai

Ni ban yi boko ba, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Amma waya ina da ita, a cikinta kuma akwai abu guda da ban yarda kowa ya taɓa mini ba. Burauza suke ce mata, wato ƙofar da ake bi a shiga intanet. Biyu ne a wayata. Ɗaya da wayar ta zo, mai nauyin jiki, da zarar sabis ya yi ƙasa sai ta tsaya tana juya ɗan zobe kamar mai farfesun dutse. Ɗayar, mai alamar koren ganye, ɗiyar ƙanwata ce ta sa mini a Makarfi. Ita ce tawa.

Abin da ya haɗa jinina da ita, ba ta tilasta mini karatu. In na danna ɗan lasifikarta na yi magana, sai ta kawo mini abin da nake nema. Ba ta shan data kamar raƙumi. Babban abin kuwa, duk shirin da na ji ya yi mini, na danna tauraro, to ta ajiye shi ke nan da hotonsa da muryarsa, ko a tsakiyar daji zai buɗe. Da hoto nake gane kayana. Ga na wa'azi, ga na kiwon kaji, ga wata ma'aikaciyar jinya mai farin hijabi da ke bayani kan haɗarin da yara ke gamuwa da shi a gida. Wannan na ji ta har na gaji, don ita ke taya ni hira in ina ɓarar gyaɗa a Ikara. Ɗana ya sha cewa, "Inna, wannan tsohuwar yayi ce, bari in goge miki." In ce masa, "Ka fara goge taka."

To, lokacin matsar rake ne na je ganin 'yata a wani ƙauye bayan Kudan, inda take aure. Ƙauye ne da sai an hau tudun bayan masallaci ake samun sabis. Maza duk suna gona wajen dafa mazarƙwaila, gida sai mata. Uwar mijinta, Hajiya, ita ce babba a gidan, mace mai kirki amma ba a mayar mata da magana. Ni kuwa baƙuwa ce, suruka. Suruka a gidan 'yarta ci take yi ta yi godiya, ba ta gyara ko zaman tukunya.

Bayan azahar muna zaune a inuwa ni da Hajiya, sai muka ji tari daga madafa. Ba irin tarin mura ba, wani mai shaƙewa. Jikana ne, ɗan farin 'yata, wanda bai daɗe da barin nono ba, angona nake ce masa. Ya fito yana tangaɗi, robar lemo a hannunsa, gaban rigarsa jiƙe. Tun kafin ya iso warin ya riga shi. Kananzir ne na hura wuta aka zuba a robar, aka ajiye a ƙasa.

Hajiya ta yi salati ta sure shi. "Manja! Ku kawo manja da cokali! A ɗura masa ya amayo shi!"

Haka muka taso muka ga ana yi, babu wadda ta ga laifinta. Wata ta ruga ɗaki. Na dubi 'yata. Tana tsaye jikin rumbu, bakin zane a haƙoranta. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kira, balle ta tsoma baki kansa a gaban uwar miji. Idonta kawai ta kafa mini.

Ni kuwa maganar mai farin hijabi ce ke kaɗawa a kunnena. Na san ta ce kada a yi haka. Amma da wane baki? In na ce Hajiya ba ta iya ba, a gidanta, gaban surukanta, ni dai gobe zan hau mota, 'yata ce za ta zauna da abin.

"Hajiya," na ce, "don Allah ɗan dakata."

"Dakata me, Yaya? Yaro na mutuwa!"

Aka kawo manjan. Ta kwantar da shi rigingine a cinyarta, ta matse masa kumatu. Numfashinsa na fita da ɗan kuka kamar na kurciya.

Na kwance bakin zanena na ciro waya. Garin sauri sai na dangwali waccan burauzar mai nauyin jiki. Ta fara juya zobenta. Na la'ance ta a zuci na fita, na danna koren ganye. Nan take ga hotunana a jere, ba ta tambayi sabis ba. Na danna farin hijabi, na ƙure murya.

Sai baiwar Allah ta fara da gaisuwa. Tana gai da na gida, tana gai da na kan hanya. Cokali kuwa ya cika.

"Yaya, rediyo za ki kunna mana yanzu?" in ji Hajiya, ba ta ko ɗago ba.

Na san wurin da maganar kananzir take a shirin. Bayan maganar ƙuna da ruwan zafi yake. Na ja ɗan layin nan na ƙasan hoton da yatsa, na wuce, na dawo baya. Cokali na bakin leɓen yaro na durƙusa, na kai wayar dab da kunnenta, ɗaya hannun kuma na riƙe wuyan hannunta. Ban taɓa taɓa jikin Hajiya ba sai ranar.

Muryar ta cika tsakar gida. Ta ce yaron da ya sha kananzir kada a ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin wajen amai ne yake faɗawa huhu, can kuma ya fi kisa. A zaunar da shi, a cire rigar, a kai shi asibiti.

Manja na ɗiga a zanen Hajiya. Ta dubi hannuna a kan nata, ta dube ni.

"Ba ni na faɗa ba, Hajiya," na ce. "Likita ce. Ni me na sani? Ke ce da yaro, abin da kika ce shi za a yi."

Wallahi na ji ɗacin maganar nan a bakina, ni da ban saba cewa ban sani ba. Ban dai saki hannun ba.

Sai Hajiya ta karkatar da cokalin a ƙasa. Ta tayar da shi zaune, ta fizge rigar, ta daka wa matan tsawa, "Kun tsaya kallona? Ku kira mai acaɓa!" Sannan ta juya ga 'yata. "Ke, ɗauko mayafinki ki riƙe shi. Yau babu kunya."

Ni da Hajiya muka bi su a wani mashin ɗin, rake na dukan ƙafafunmu. A asibiti abin da aka fara tambaya shi ne ko ya yi amai, ko an ba shi wani abu. Hajiya ce ta amsa, kanta a sama: "Ba mu ba shi komai ba." Na bar mata. Suka riƙe shi suna duba ƙirjinsa har numfashin ya daidaita, kashegari aka sallame mu.

Ba mu taɓa tayar da maganar ba ni da ita. Da zan tafi dai ta raka ni har bakin hanya, abin da ba ta saba ba, da ƙullin mazarƙwaila. Angona yana bayanta a goye, yana miƙo hannu wai in ba shi wayata.

"Kai, tafi can," na ce. "Miji mai shan kananzir, wa zai ba ka waya?"

Na ƙulle ta a bakin zanena, na hau mota.