Jar Hula a Gonar Hatsi

Matso da tabarmarki, jikata, ki rubuta tunda ke kin yi lakwal, kin san boko. Kada ki sa sunan kakanki. Ban kira shi ba yana da rai, ba zan fara ba yanzu da yake kwance cikin ƙasa. Uwarki kuwa ɗiyar fari ce, bakina bai taɓa ɗaukar sunanta ba. In kin ga hawaye, ki bar ni da su, tun da na fita takaba haka nake.

Ina da cikin uwarki aka ɗauki kakanki soja. Annasara suna yaƙi can ƙasarsu, aka ce kowane gari ya ba da samari. Aka tara su a Dogon Dutsi, likita ya duba musu haƙora da ƙirji, aka zuba su cikin kamiyo, babbar motar kaya. Ni ban ga tafiyar ba. Ina ƙauyenmu kusa da Ɗan Kassari tare da uwarsa, muna sussuka, aka zo aka faɗa mana. Tsohuwar ta ajiye tabarya ta shiga ɗaki.

A zamanin nan babu abin da muke tsoro kamar jar hula. 'Yan gardi, dogaran Annasara, ke sa ta, su ne ke zuwa kama mutane aikin hanya. Kowace uwa ta koya wa ɗanta cewa in ya hango jar hula ya faɗa cikin hatsi ko ƙarƙashin rumbu, kada ya yi ko tari. Har abin ya zama na tsoratar da yara. Yaro ya ƙi shan kunu, sai a ce, "To, ga mai jar hula nan tafe." Nan take ya shanye. Duk garin haka muke yi, ba wadda ta tuna cewa mazanmu da aka ɗauka, irin hular aka sa musu. Uwarki ta fi kowa iya ɓuya. Sai ka wuce ta gabanta ba ka gan ta ba.

Tana famfara, haƙoran gaba sun zube, kakanki ya dawo. Farkon damina ne, an gama shuka. Ya shigo gari da kaki da manyan takalma, akwatin ƙarfe a kafaɗa, jar hula bisa kai. Yara suka watse kamar zabi. Mata suka yi ta guɗa, uwarsa ta riƙe masa fuska tana shafawa kamar makauniya. Ni ina bayan zana ina leƙe. Ya rame, amma tafiyarsa ce, na gane ta tun daga nesa.

Sai da guɗa ta lafa aka nemi yarinya a nuna masa, aka rasa. Can aka same ta ƙarƙashin rumbu cikin kaji, ta jiƙa ɗan zanenta. Kakarta ta jawo ta tana cewa, "Fito, ƙawata, ubanki ne fa!" Ta ƙanƙame ƙafar rumbu tana kuka ba murya.

Washegari ya tuɓe kakin ya sa riga irin ta kowa, ya rataye hular a ɗaki bisa gado. Amma ta riga ta ga fuskar da ke ƙarƙashinta. Ta daina shiga ɗakin. In yana tsakar gida ba ta cin tuwo, in ta ji gyaran muryarsa sai ta sulale bayan danga. Kafin a yi noman biyu wuyanta ya yi tsawo, idanunta suka faɗa.

Ke da kika tashi a birni sai ki ce me ya hana shi ɗaukarta ya lallashe ta. Ɗiyar fari ce. Uba ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta gaban mutane, ko kallonta sai a sace. Ni ma haka. Ya taho mata da sukari na ƙwaya cikin gwangwani, sai ya ba uwarsa ta ba ta. Da ta ji daga inda ya fito, ta miƙa wa akuya. Ya yi dariya ya ce akuyar ta yi sa'a. Amma na ga yadda ya daɗe zaune yana juya gwangwanin a hannu. Shi ma ba lafiyayye ya dawo ba, in tabarya ta faɗi sai ya zabura. Gida ɗaya, mutum biyu masu firgita, kowa na tsoron abin da ba ya iya faɗi.

Uwarsa ta ce iska ce ta taɓa yarinyar. Aka kira wata tsohuwa 'yar bori, ta yi turare, ta ba da saiwa a jiƙa. Yarinya ta sha, ba abin da ya sake. Ana nan sai yayarsa da ke aure a Tibiri ta zo ganinsa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta dubi uwarki ta ce, "Wannan za ta mutu muku a tsaye. Dama ɗan fari na dangi ne. In an yi girbi zan zo in tafi da ita." Uwarsa ta ce haka ya dace. Ni ba ni da bakin magana, uwar ɗan fari ba ta cewa a bar mata ɗanta. Na tafi rijiya na yi kukana can, na wanke fuska da ruwan guga. Na san in ta tafi da wannan tsoro, har ta yi aure ba za ta san ubanta ba.

Hular nan kuwa ba ƙaramin abu ba ce gare shi. In ya sa ta ya je Dogon Dutsi, gardi ba ya tura shi, kumandan, Annasaran da ke mulkin ƙasar, yana sauraronsa. Mutanen gari ma in suna da kuka shi suke sa wa gaba.

Da hatsi ya fid da kai tsuntsaye suka sauko, aka tura yara tsaron gona da majajjawa, har da uwarki. Wata safiya na ga ya sauke hular ya cusa cikin burgami. Na ce, "Maigida, bariki za ka?"

Ya ce, "Gona."

Da hantsi na kai fura. Tun daga nesa na hango ja tsakiyar hatsi, gabana ya faɗi. Ashe sanda ya kafa, ya kifa mata tsohuwar ƙwarya, ya ɗora hular a kai. Yara duk sun kwanta rub da ciki cikin kunya-kunya. Shi kuwa yana zaune gindin gawo, bai dubi kowa ba. Ya ɗauki hoge ya ce da ƙarfi, "Kai mai jar hula, wa ya ba ka gonata? Fita!" Ya jefa, hogen ya faɗi can gefe. Ya sake jifa, ya sake kuskure. Wani yaro ya ɗago kai ya ce, "Baba, soja ne kai ba ka iya jifa ba?"

Ya ce, "Tsoronsa nake ji, hannuna rawa yake."

Yara suka fashe da dariya, suka tashi suka yi ta jifa. Uwarki ba ta tashi ba, amma na ga idonta ta tsakanin karare. Da zai koma noma ya ajiye majajjawarsa a ƙasa, ya ce wa iska, "Ashe garin nan babu mai hannu." Ya tafi abinsa.

An ɗauki kwanaki ana haka. Kullum sai ya zagi hular ya jefe ta ya kuskure. Kullum uwarki tana ƙara matsowa. Ran nan ina sauke ƙwaryar fura sai na ji ƙwas! Ƙwaryar da ke bisa sanda ta fashe, hula ta yi sama ta faɗo. Na waiwaya, ga ta tsaye da majajjawa a hannu, baki buɗe, ba haƙora. Ta sa kara ta tsinko hular, ta jawo ta cikin rairayi har gindin gawo, ta yar gaban ubanta. Ta ce, "Ga shi. Na kashe shi."

Ya duƙa har kansa ya yi daidai da nata. Ya ce, "Madalla. Ya daɗe yana zaune bisa kaina, na rasa mai sauke mini shi." Ya ɗebi fura a ludayi ya miƙa. Ta dube shi, ta dubi ludayin, ta kafa baki ta shanye. Ta ce a ƙara. Na juya baya ina gyaran gammo don kada su ga fuskata.

Bayan girbi gwaggonta ta zo da jaki kamar yadda ta ce. Ta tarar da yarinya ta yi kumatu, tana riƙe da gefen rigar ubanta. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ita ke tsare mini gona."

Uwarsa ta ce, "Ɗiyar fari fa! Kai ba ka da kunya?"

Ya ce, "Inna, jirgin ruwa ya yi mana kaɗan, can na baro ta."

Tsohuwa ta jefe shi da mafici, tana ɓoye dariya. Yayarsa ta yi fushi, sai da aka ba ta ɗiyar ƙaninsu daga baya ta huce. Ran nan ya saɓa uwarki a wuya ya ratsa gari da ita, mata suna riƙe haɓa.

Hular ta ƙare damina a gona, rana ta cinye janta, tsuntsaye suka ɓata ta. Da aka kira tsofaffin soja Dogon Dutsi ya je da hular saƙi, gardi ya bar shi cikin rana tare da kowa har la'asar. Aka tambaye shi hularsa, ya ce gara ta ci. Gaskiya kuwa tana bayan rumbu, kazar uwarki na ƙwai a ciki.

Da ciwon ajali ya kama shi bana, ba ya karɓar komai daga hannun kowa, har ni. Sai uwarki ta zo ta tallafi kansa ta kai masa ludayi, ya sha. Ajiye alƙalamin haka nan, jikata, ki miƙo mini gefen zanena.