Ƙwan Kwaɗo a Ƙwaryata

Maigidana masunci ne, mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Muna zaune a wata unguwa bayan ganuwar Haɗejiya, tun zamanin da ake rufe ƙofar gari da magariba. Wata damina ƙayar kifin ƙurungu ta soke shi a tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura, wanzami ya hana shi shiga ruwa. Abokansa na wucewa da gora da koma, shi kuwa yana kan tabarma yana tsaki.

Wata safiya ya dogara sanda ya je kududdufin bayan gida. Sai ga shi da sabuwar ƙwaryata ta dama fura, cike da ruwa da wani abu mai yauƙi.

Na ce, "Maigida, ƙwan kwaɗo a ƙwaryata?"

Ya ce, "Zo ki gani kafin ki yi faɗa."

Idonsa kaifi gare shi, don yakan hango kifi cikin ruwan laka. Ya karkata ƙwaryar wajen haske. Kowane ƙwai bai fi ƙwayar gero ba, baƙi wuluk. Ya nuna mini ɗaya da tsinke. Da na ƙura ido sai na ga wata 'yar tsaga ta raba shi biyu, amma bai fashe ba. Na je na sheƙe tsaba na dawo, ya zama huɗu. Kafin la'asar tsagar ta yi yawa har ido ya kasa bi.

Ranar bai yi tsaki ba, tuwonsa ma sai da ya huce. Kullum ya sauya musu ruwa, ya kore kaji. Ƙwayayen suka miƙe, suka yi wutsiya, suka zama talibambam, 'ya'yan kwaɗi.

Wata rana ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ashe babban abu daga ƙanana ake tara shi. Ko mu ma haka Allah ya fara mu?"

A lokacin ina da ƙaramin ciki, kunya ta hana ni faɗa masa. Na sunkuyar da kai na ce, "Ka tambaye ni bayan kaka."

Ya dube ni, ya sake dubana. Sai ya tashi tsaye, ya manta da sanda, ya taka ƙafar ciwon, ya yi ƙara yana dariya. Maƙwabciya ta leƙo ta saman zana tana tambaya ko lafiya.