Mai Cokali da Angona

Ranar da na fara ganin Mai Cokali faɗa muka yi, a bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da jikana. Na zo da kula cike da shinkafa da kaza, sai ga wata gajeriyar mace cikin farar riga ta tare min hanya, wai in ajiye a nan. Na dube ta sama da ƙasa, dubawar ba ta ɗauke ni lokaci ba.

Na ce, "Yarinya, na yaye 'ya'ya tara tun uwarki ba ta san hanyar ɗakin girki ba. Yunwa za ta kashe yaro, ke kina gadin ƙofa?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jikin da ya daɗe ba ya samun abinci ba a cika shi lokaci ɗaya, idan ya cinye kular nan yau zuciyarsa na iya tsayawa kafin gobe. Na ce mata sai a asibitinsu na taɓa jin kaza ta kashe mutum. Don haushi na juye wa masu gadi abincin.

Ita ce ke tsara abin da marasa lafiya za su ci a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Likitoci suna yawo da biro a aljihun gaba, ita cokali ne a nata, shi ya sa duk sashen ke kiran ta Mai Cokali. Ofishinta tsohon ɗakin ajiya ne kusa da wurin wanki, ba taga, sai sikeli da kujeru biyu da ƙarar injin wanki ta bayan bango. Ita kaɗai ce, ga sashenmu, ga masu ciwon suga a bene. Na sha jin wani likita yana ce mata mai girki, ba ta ko juyowa.

Jikan nawa Angona nake ce masa tun yana zanen goyo. Da ƙibarsa ya tashi, yaran unguwa suka sa masa Buhu, manya ma suka kama. Da ya zama saurayi sai ya fara gudu da sassafe, ya daina cin mai, ya daina cin burodi, daga baya na riƙa samun shinkafa a aljihun wandonsa in na zo wanki. Ubansa ya ce iskanci ne. Uwarsa ta ce sammu ne. Kafin su gama gardama yaro ya faɗi a banɗaki, wuyan hannunsa bai fi mariƙin ludayi ba, amma in ya kalli madubi ƙato yake gani.

Ni nake jinya, don haka na ga aikinta da idona. Ba ta ajiye faranti ta tafi. Sai ta zo da biyu, iri ɗaya, ta zauna gabansa ta ci nata. Ba ta cewa daure, ba ta cewa don Allah. Hirar ƙwallo take masa, ita da ba ta san mai tsaron gida daga alƙalin wasa ba, shi kuma ya yi ta gyara mata, cokali na shiga a tsakani. Wata rana rabin ƙwai ya gagare shi, ya yi ta kuka kamar an ba shi guba. Abincin ya huce, ta kai aka ɗumama, ta dawo ta zauna. In ya gama ba ta tashi, don ta san banɗaki zai nufa ya amayar. Awo kuma da baya yake hawa sikeli, fuskarsa ga bango, kada ya ga lamba.

Irinsa uku ne a sashen, kowanne tana ci tare da shi. Na ce mata wannan aiki na ci sau uku da rana, ni ma a ɗauke ni. Ta yi dariya, ranar na fara ganin haƙoranta.

A zaman jiran nan na san ta. Tana da uba mai shanyewar ɓarin jiki, ita ke ba shi a baki kafin ta fito, ita ke ba shi in ta koma. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana makarantar kwana. Takalmi ɗaya na san ta da shi, dunduniyar hagu ta cinye. Na tambaye ta me ya kai ta wannan aiki. Ta ce gurbin da ta samu a makaranta ke nan, ba wani labari. Na so ta da wannan amsa, don na gaji da masu cewa kiran zuciya ne.

Angona ya fara tashi. Da za a sallame shi ta tara mu a ofishin nan, ubansa a tsaye don ba kujera. Ta ce abu ɗaya take roƙo: kada kowa ya ce masa ya yi ƙiba, ko ya murmure, ko ya yi kumatu.

Na ce, "To mutum ya tashi daga ciwo me za a ce masa? Sannu da ramewa?"

Ta ce, "Kaka, ku tambaye shi wa ya ci wasan jiya."

Muka kiyaye. Gidanmu da ba a rufe baki ya koyi rufe baki. Amma gwaggonsa tana wani gari, ba ta zo zaman ba, kuma ba wanda ya tuna ya gaya mata. Ta shigo da tsarabarta, ta gan shi, hawaye suka zubo mata don murna. Ta kama kumatunsa da hannu biyu ta ce, "Masha Allah, Buhunmu ya dawo." Da ƙauna ta faɗa, ni shaida ce. Ya yi mata murmushi, ya karɓi jakarta ya kai ɗaki. Da yamma ya ce cikinsa na ciwo.

Daga nan abin ya fi na farko sauri. Muka koma asibiti, aka ce ba gado. Mai Cokali ta yi ta hawa da sauka tana nema, ba ta samu ba. Sai ta riƙa zuwa gidanmu ranar hutunta, ta bar ubanta wajen maƙwabciya, ta zauna a ƙasa da faranti biyu. Ina daga bakin ƙofa na ji Angona ya ce mata, "Malama, ni ma ina so in ci. Amma wanda ke cikin kaina ya fi ki murya." Ta ci gaba da tauna nata.

Da gado ya samu an riga an makara. Suka sa masa roba ta hanci. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa, zuciyar ta tsaya.

Gwaggonsa har yau ba a gaya mata abin da maganarta ta jawo ba, kuma ni na hana. Mai Cokali kuwa ba ta daina zuwa ba. Duk ranar hutunta sai ta yi sallama, ta zauna a gefen tabarma, ta tambayi gwiwata. Na lura rigarta ta fara yi mata yawa. Na bar ta ta yi ta zuwa har na ga abin ba ya amfanin kowa. Rannan da ta tashi tafiya na raka ta bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "'Yar nan, kin yi iya yinki, ban riƙe ki da komai ba. Amma ki daina zuwa. Duk sanda na ji sallamarki sai in ga kamar lokacin cin abincinsa ya yi, in tashi in kira shi."