Jar Jaket da Satin Sanyin Jidda

Ranar wata Asabar ta tsakiyar Janairu, shekarar da nake aji huɗu na firamare, shiru ne ya tashe ni daga barci. An kashe mukayyif, tsohuwar na'urar sanyaya ɗakin nan da ke gurnani a bangonmu dare da rana tun kafin in yi wayo. Ina jin iska tana buga murfin tankin ruwa a saman bene, wani kuma a layi yana gaya wa maƙwabcinsa da Larabci cewa yau akwai bard, wato sanyi. Ko fuska ban wanke ba na jawo akwatin Ummi daga ƙarƙashin gado, na tono jar jaket ɗina tana ta warin kafur.

Wanda bai zauna Jidda ba ba zai gane rawar jikin da nake yi ba. Garin zafi ne da gumi, sanyinmu kuwa sati guda ne a shekara, shi ma wata shekarar sai ya yi mana rowa. Iska ce kawai mai daɗi take tasowa daga wajen teku, ta kwashe ledoji a lungunan unguwarmu Nuzla, ta ɗage wa dattawa rawani. Amma mu muna karɓarta da girmamawa. Maza su fito da riguna masu kauri, direbobi su naɗe wuya, a ɗaure jarirai har sai ido kaɗai ake gani, kowa ya haɗu da kowa sai jajen sanyi. Abba, wanda tela ne a unguwar Sharafiyya, haifaffen Jos ne, kuma da tunanin Jos ya shiga kasuwar gwanjo ya sayo mini jaket mai auduga a ciki da hula mai gashi. Ya kuma zaɓi babba, wai don in girma a cikinta. Shekarar farko hannuwana ɓacewa suka yi a ciki, Ummi ta ce ba za a yi mata dariya a unguwa ba. Shekara ta biyu sanyin bai zo ba sam. Wannan ce ta uku, ni kuma na yi tsawon da ba wanda ya yi shawara da jaket kafin in yi shi.

Matsalar ita ce muna da baƙuwa. Gwaggo Ladi, ƙanwar Abba, ta zo umara daga Jos, ranar Alhamis za ta koma, kuma Ummi ta riga ta ce a tafi wa 'yarta Zainabu da jaket ɗin tunda tana zaune a akwati ba amfani. Ban taɓa ganin Zainabu ba, amma a safiyar nan na tsane ta har cikin raina. Na yi kuka, na yi birgima a kan darduma. Abba da ba ya son hayaniya kafin ya sha shayi ya yanke hukunci: "In Rukayya ta sa ta daga yau zuwa Laraba, safe har magariba, ban da wanka da alwala, to tana buƙatarta, a bar mata. Halas, magana ta ƙare." Gwaggo ta leƙa taga, ta miƙa hannu waje, ta ce, "Yaya, ina sanyin yake? Ai wannan fanka ce Allah ya kunna muku."

Da ƙyar zif ya hau. Hannun rigar ya tsaya can sama da wuyan hannuna, kafaɗa ta matse har hannuwana suka ƙi sauka, na fita a buɗe kamar kazar da aka jiƙa. Duk da haka safiyar Asabar ɗin nan ba ni da na biyu a makaranta, don a lokacin ranar Asabar ake fara mako. A layin safe 'yan ajinmu suka kewaye ni suna shafa gashin hular, wata Bayamaniya da ba ta taɓa kula ni ba ta gutsura mini burodinta. Na riƙa karkarwar ƙarya ina hura tafin hannu yadda na ga ana yi a talabijin. Zuwa ƙarfe goma rana ta tuna cewa nan Jidda ce. Kowa ya tuɓe rigar sanyinsa ya rataye a bayan kujera, aka fita tsallen igiya, ni kuwa na zauna gindin bango gumi yana bin bayana har cikin safa. Malamarmu, da muke kira Abla, ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi, na ce mata a'a, mu 'yan gidanmu haka muke da jin sanyi.

A gida ma ba sauƙi, don Ummi ba ta rage mini aiki ko ɗaya ba. A cikin jaket nake zuwa sayo dafaffen waken nan da ake kira ful da burodi, in tsaya layi a bakin tanderu yana huro mini wuta a fuska. A cikinta nake wanke-wanke da kwashe shanya a saman bene, inda iska ke cika hular ta ja ni baya ina kokawa da zanen gado. Abin da ya cece ni alwala ce. Ban taɓa son ibada kamar wannan satin ba. Kowace salla sai na sake sabuwa, in wanke kowace gaɓa a tsanake, in daɗe ina tsaye a banɗaki iska tana shiga jikina, in fito in ce ina shakka ko na shafi kai, in koma. Ummi ta ce wa Gwaggo da ta san haka jaket take gyara yaro da tuni ta saya wa kowa.

Gwaggo kuwa ta mayar da ni abin nishaɗinta. Tana zaune da ɗan mayafi tana fifita, sai ta kira ni ta ba ni kunun gyaɗa mai tururi, wai in sha kada sanyi ya kama ni. Tana ba Ummi labarin garinsu, yadda man gyaɗa ke daskarewa a kwalba, yadda Zainabu ke sa safar babanta a hannu in za ta makaranta. Na ji maganar sarai, na yi kamar ban ji ba. Ranar Talata ƙurajen zafi suka feso mini daga wuya har ƙugu. Na sato hoda na zazzaga a cikin rigar, duk inda na zauna sai farar ƙura ta tashi ta wuyana. Na daure. Da aka kira magaribar Laraba Abba ya dube ni, ja-wur da ni, ya ce, "To, ta ci. Ladi, sai haƙuri."

Washegari iska ta ɗauke, aka kunna mukayyif, Gwaggo ta tafi da dabino da zamzam. Ummi ta wanke jaket sau biyu kafin warin gumi ya fita, ta mayar akwati. Da shekara ta zagayo ko hannu ɗaya bai shiga ba, ƙannena kuma duk maza ne, sun ce ba sa sa ja. Haka ta ƙare a akwati, ba ta taɓa ɗumama kowa ba.

Sai da na haura ashirin na fara zuwa Jos, na ga Zainabu ido da ido. Muna hira na ba ta labarin ina dariya, ita ma ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce ai ta san jaket ɗin, don Gwaggo ta yi waya tun kafin ta taso ta gaya mata har launinta. Ta ce ta sanar da duk 'yan ajinsu, kuma ranar da mahaifiyarta ta sauka sau biyu ta zazzage jakunkunan, tana zaton an ɓoye ne don a tsokane ta.

Har yanzu a Jidda nake. Yarana suna sa rigar sanyi duk shekara saboda sanyin na'ura a manyan kantuna, shi ya sa in satin iskar nan ya zo ba sa ma lura. Ni ce kaɗai nake kashe mukayyif in hau bene in tsaya, ina kewar Abba da hukuncinsa, da Gwaggo da dariyarta, duk sun riga mu gidan gaskiya. Da a ce za a mayar da ni safiyar nan, da hannuna zan ninke ta in sa a jakar Gwaggo.