Tukur Injiniya da Waifar Alhaji Gidaɗo

Tukur mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Makarfi, amma in ka kira shi haka ba zai waiwayo ba. Injiniya yake amsawa, don ya taɓa yin wata uku a Zariya yana wanke motar wani Bature, har sau biyu aka buɗe bonet yana tsaye a wurin.

Shekara biyu da samun 'yancin kai, Alhaji Gidaɗo, dillalin mazarƙwaila a Kudan, ya sayi tsohuwar motar wani Baturen gona da zai koma gida. Komai nata lafiya sai waifa, mai share ruwa a gilashi. In ana ruwa takan ja jiki kamar mai zazzaɓi, in kuwa Alhaji ya taka totur a hawa sai ta tsaya cak a tsakiyar gilashi.

Da Alhaji ya kawo ta Makarfi, Tukur ya zagaya motar sau uku, hannuwa a baya. Shi kansa bai san daga ina abin yake samun ƙarfi ba.

Ya ce, "Alhaji, ai da yayyafin Ingila ta saba. Ruwanmu ya fi ƙarfinta."

"To yaya za a yi, Injiniya? Jibi ina da taro a Ikara."

"Arewantar da ita za mu yi, yadda ake yi wa ofisoshi yanzu."

Ya ɗiga mata man keke, ba ta ko kula ba. Sai ya samo igiyar rama ya ɗaure hannuwan waifar, ya shigo da bakin igiyar ta tagogin biyu. Ranar taro shi ya zauna a gaba, Alhaji na tuƙi, shi yana ja dama yana ja hagu. Tagogi a buɗe saboda igiya, ruwa kuwa tun daga Makarfi bai ɗauke ba.

Suka isa Ikara, babbar rigar Alhaji ta manne masa a jiki. Wani dattijo a rumfa ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ashe motar har da linzami?"

Wani direban babbar mota, Mamuda, ya gama dariyarsa ya buɗe bonet. Ya gano wani ɗan tiyon waifar da ya tsage yana shan iska, ya yanke bakin da wuƙa ya mayar. Waifa ta kama aiki.

Tukur ya ce, "Madalla! Abin da nake shirin yi ke nan."

 Da aka tashi taro Alhaji ya ja motarsa shi kaɗai, Tukur ya dawo gida a kan buhunan barkono yana atishawa.

Washegari ya shaida wa duk kasuwa cewa ya ci karo da wani tsohon ɗalibinsa, Mamuda, a Ikara, hannun ba laifi, sai gaggawa. Har Allah Ya karɓi ransa ba a sake kawo masa mota ba. Shi kuwa cewa yake masu motar ne ke tsoron ya tona musu asirin abin da suka saya.