Kwaɗo da Makullin Ɗakin Kwamfuta

A jami'a babu mai kiranta da sunan yanka. Kwaɗo ake ce mata, ba don tana tsalle ba, sai don ɗan kwaɗon da ke maƙale a zif ɗin jakarta, jakar da in ka buɗe ba za ka tarar da komai ba sai biro da littattafai. Ko banɗaki za ta shiga, da ita take shiga.

Ba laifinta ba ne, gado ta yi. Mahaifinta mai yanka makulli ne a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa, kuma a nan ta tashi tana share garin ƙarfe daga ƙarƙashin inji. Sana'a ce mai koya wa mutum zargi. Duk wanda ya kawo makulli a yi masa irinsa, sai Baba ya tsare shi da tambaya. Na wace ƙofa ne? Ina mai ƙofar? Me ya hana shi zuwa da kansa? Ya sha korar ciniki a kan haka, Inna tana mita, shi ko a jikinsa. A duk zuri'arsu ita ce ta fara taka jami'a, yayyenta maza kowa ya kama sana'a tun da wuri. Ranar da za ta fara zuwa, gargaɗi ɗaya Baba ya yi mata: "Kada ki yarda ki riƙe kayan kowa."

Ta kuwa kiyaye, har shekarar ƙarshe, lokacin da Dakta, malamar da ke duba aikin bincikensu na kammalawa, ta kira ta ofis ta ajiye makulli a gabanta.

"Na ɗakin kwamfuta ne. 'Yan ajinku da ba su da tasu kwamfutar suna buƙatar wurin rubuta aikinsu. Ke za ki jagorance su. Ba kya latti, kuma na ga yadda kike yi wa mutane bayani har su gane."

Kwaɗo ta dubi makullin, ba ta taɓa shi ba. Yabon ma shi ya fi tayar mata da hankali. Ga 'ya'yan manya cike da aji, me ya sa ita? Nan take ta ba kanta amsa: ana neman wuyan da za a rataya wa asara ne, aka duba wadda ba ta da kowa a sama. Abu ɗaya ya ɓace, shi ke nan, an kore ta, ta koma rumfa babu takardar shaida. Ta so ta ƙi, amma ta kasa kallon idon Dakta ta ce a'a.

Sai ta mayar da ɗakin nan gidan yari. Jaka a waje. In za ka fita, ka juye aljihu. In yunwa ta kama ta, kowa ya tashi, ta kulle, a jira ta a rana. Wani mai barkwanci ya ce saura ta fara awon mutane a sikeli, shiga da fita. A hankali mutane suka janye ƙafa, ita kuwa ta ce da ma marasa gaskiya ne suka gudu. Masu gaskiyar da suka rage su ne ita da fanka.

Mutum ɗaya ce ba ta janye ba, wata babbar mace da ake kira Anti, mai 'ya'ya, wadda take aiki a kantin magani daga hantsi har yamma. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ƙanwata, don Allah ki ara mini makullin in riƙa zuwa da sassafe kafin in wuce aiki. Lokacin nan kaɗai nake da shi."

Kwaɗo ta dubi ƙatuwar jakar da ke kafaɗar Anti, jakar da za ta haɗiye kwamfuta ba tare da ta kumbura ba. Ta ce, "Ba a ba ni izini ba." Su zo tare ma ba zai yiwu ba, don Kwaɗo daga gida take zuwa, motar unguwarsu kuwa sai rana ta ɗaga.

Bayan 'yan kwanaki tana wucewa ta ƙofar ofis ta ji Dakta tana gaya wa Anti cewa in ba ta miƙa aikinta ƙarshen wata ba, sai ta maimaita shekara. Anti ta ce ba za ta iya maimaitawa ba, sai dai ta haƙura da karatun. Kwaɗo ta kasa kunne ta ji an ambaci sunanta, ko makulli. Ba a ambata ba. Wannan shirun ya yi mata ciwo, kuma ko shi sai da ta juya shi, ta ce ko dabara ce. Da ta tambayi Dakta a kan yin makulli na biyu, sai ta ce, "Ɗakin a hannunki yake, ki yi abin da kika ga ya dace." Ato, in ji Kwaɗo a ranta, ta wanke hannunta ke nan.

Duk da haka da yamma ta biya rumfa ta miƙa wa Baba makullin. Ya juya shi, ya ɓata rai.

"Na wa?"

Ta gaya masa komai.

"Wato kin riƙe kayan mutane. Ita matar, kin san gidanta?"

"A'a, Baba."

"Kin yarda da ita?"

"Ban yarda ba."

"In wani abu ya ɓace fa?"

"Ni za a kama. Amma in ban ba ta ba, ni na kore ta daga makaranta, kuma ba ta ɗauki komai ba."

"Ni ba na yanka makulli sai mai ƙofa ya zo."

"Ai ta zo, Baba. Ni aka ba ƙofar."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, ransa bai so ba. Sannan ya kunna inji.

Washegari ta bi Anti har kantin magani, tana ta ƙirga abin da zai iya faruwa. Ta miƙa sabon makullin amma yatsunta suka ƙi sakinsa. Anti ta haɗa da hannun ta riƙe, idonta ya ciko.

"Ƙanwata, tun da na shigo makarantar nan, ke ce mutum na farko da ya yarda da ni."

Kwaɗo ta buɗe baki za ta ce ba yarda ba ce. Kunya ta rufe ta, ta kasa. Ta saki makullin.